Malam Maiwada Morai da Lakar da Ta Riƙe Magani

Da an idar da sallar asuba a Morai, Malam Maiwada kan koma gida ya sha kunu, ya ɗaure ƙaramar fartanya a bayan keke, ya hau gefen babbar hanyar ruwa ya nufi Bakura. Ba ya sauri. Duk inda ya hangi mutum goye da famfon feshin maganin ciyawa, sai ya jingine keken, ya yi sallama, ya bi gaisuwa har ƙarshenta: kwana, iyali, gajiya, jikin tsohon da ya ji an ce ba shi da lafiya. Sai an gama wannan zai tsuguna ya kafci ƙasar gonar, ya ɗiga mata ruwa a tafin hannu, ya murza. In ta naɗu ta yi igiya, shawara ɗaya ce. In ta wargaje ta zube ta tsakanin yatsu, wata ce daban. Daga nan ya ɗaga kai ya yi tambayar da manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun suka haddace, har samari ke kwaikwayonsa da ita in ya ba da baya: "To, in ya gama kashe ciyawar, ina za shi?"

Malamin gona ne, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Sunansa bai taɓa fita a rediyo ba. Yawancin waɗanda suka amfana da shi ba su san sunan mahaifinsa ba, malamin ciyawa kawai suke ce masa.

Ya kama aiki yana saurayi, a shekarun da ake gina madatsar Bakolori, lokacin da katafiloli ke baje gonaki don ruwa ya gudana daidai. Gonar mahaifinsa na cikin waɗanda aka baje. Yana tsaye da kakin aiki aka kankare baƙar ƙasar da kakanninsa suka tara da taki da karan dawa, aka ture ta cikin kwari, aka bar jan yashi a sama. Bayan rikicin 1980 tsakanin manoma da hukuma a kan gonakin nan, wanda har yau dattawan yankin ba sa son a tayar da zancensa, duk mai kaki ya zama abin gudu a ƙauyuka, ko da kakin malamin gona ne. Akwai garuruwan da zai yi sallama a amsa masa da ƙyar, a bar shi tsaye.

A cikin wannan hali maganin ciyawa ya shigo. Koyar da feshinsa na cikin aikin Maiwada, kuma ya koyar. Amma akwai abin da aka karanta musu a makarantar gona wanda yawancin masu sayen maganin ba su taɓa ji ba: magani ba ya ɓacewa don ciyawa ta mutu. Ƙasa yake shiga, ƙasa kuwa iri-iri ce. Laka da ruɓaɓɓen ganye da tsohon taki suna kama shi su riƙe, yadda tsumma ke riƙe mai. Yashi ba ya riƙe komai. Ruwan farko da ya zo zai kwashe shi, wani ya nutse can ƙasa, wani ya bi gangare. Wanda laka ta kama kuma ba ta kama shi har abada ba. Tana sakinsa kaɗan-kaɗan duk sa'ad da aka jiƙa ta, kuma in tana kwance a ƙarƙashin ruwa inda iska ba ta kaiwa, yakan daɗe bai lalace ba. Karatun ke nan gaba ɗaya. Maiwada ya ƙare shekarun aikinsa yana maimaita shi ga mutanen da ke da dalilin ƙin sauraronsa.

Labari ɗaya ya isa ya nuna yadda ya yi aikin. A Dakko ya faru, 'yan shekaru bayan an datse gulbi. Wanda ya ba ni shi Umaru Sallau ne, wanda a lokacin magidanci ne da 'ya'yansa, kuma a gabansa aka yi kusan komai.

Mahaifinsa, Sallau, shi ke riƙe da irin albasar garin. Jar albasa ce matsakaiciya, mai yaji, wadda ke kaiwa damina a rumfa ba ta ruɓe ba. Gidansu ya gaji irin tun kakanni, kuma duk mai noman albasa a Dakko daga hannun Sallau yake karɓa. Irin albasa ba gero ba ne da za a manta da shi a rumbu. In ya shekara ya ɗora, ya mutu a cikin gora. Dole a shuka shi, a sami albasa, a zaɓi uwaye a sake binne su, su yi fure, a karkaɗe sabon iri. In abin ya yanke, ya yanke ke nan.

Kafin dam, gulbi kan cika da damina ya malale fadama, in ya janye ya bar baƙar laka mai laushi. Da ita ake shimfiɗa komi, ɗan filin da ake yafa iri a rene shi kafin dashe. In tsiro ya yi rawaya, yaro ma ya san yunwa ce, maganinta kuwa a ƙara laka. Haka aka gada, kuma bai taɓa ba su kunya ba. Da aka datse ruwa, cikowa ta daina zuwa, fadama ta bushe ta tsattsage. Baƙar laka ɗaya da ta rage kusa da gari ita ce ta ƙasan babbar magudanar da ke kwashe ragowar ruwan gonakin ban-ruwa. Baƙa ce ƙirin, mai santsi, ta ma fi ta gulbi kyau a ido. Ita mutanen Dakko suka koma ɗiba da jakuna.

Iri ya tsiro lafiya, ya miƙe kamar allurai. Sannan bakin ganyen ya fara rawaya, ya bushe daga sama zuwa ƙasa. Aka ƙara laka, ya ƙarasa mutuwa. Shekara biyu a jere ana haka, uwaye suna raguwa. A ta uku babu uwa ko ɗaya a rumfar Sallau, sai gora guda ta iri, ko cika ba ta yi ba. Da ruwa ya ɗauke ya yafa rabi. Ya yi rawaya, ya ƙara laka, ya mutu. Sallau ya yanke cewa kuskurensa shi ne gauraya lakar da ƙasar lambu. Ragowar rabin gorar, wanda bayansa babu irin Dakko a duniya, zai yafa shi ne a kan laka zalla.

A kasuwar Bakura Maiwada ya ji zancen. Washegari ya iske Umaru yana juye mangalar laka a lambu, tsohon kuma yana zaune a kan wani kututture yana kallo.

"Salamu alaikum. Baba, barka da aiki."

"Alaikumus salam."

"An kwana lahiya? Ya iyali? Ya ƙarshen damina?"

"Lahiya."

Ba a mayar masa da tambaya ko ɗaya ba, kuma a ƙasar nan wannan ya fi zagi ciwo. Sallau ya rasa ƙane a rikicin can, kowa ya sani. Maiwada ya tsuguna a bakin mataccen komin ya zare tsiro ɗaya. Saiwar fara ce tas, babu tsutsa, babu ruɓa. Ganyen ne ya ƙone daga baki. Ya taɓa ganin irin wannan a gonar gwajin makaranta, a jikin tumatir da aka dasa inda aka cire masara.

"Baba, wagga laka daga ina?"

"Daga inda kunka bar muna."

"Ina roƙon alfarma. Kada a yafa sauran irin cikinta tukuna."

Sai a lokacin Sallau ya dube shi. "Kai ɗan wa ne?"

"Ɗan Malami na Morai."

"Malami mai dawa? Na san shi. An ce gabanka anka kankare gonatai."

"Gabana, Baba."

"Kuma ba ka tuɓe rigar ba."

"Ban tuɓe ba."

"To, wanda bai tsare gonar ubanai ba, shi za ya koya min komin albasa?"

Maiwada ya miƙe tsaye. Umaru ya ce ya zaci zai hau kekensa ya tafi, don wasu sun tafi a kan abin da bai kai wannan ba. Sai ya ga ya bar keken a jingine, ya naɗe wando, ya kama bakin magudana ya yi gabas da ƙafa.

Abin da ya gani a hanya bai buƙaci awo ba. Tafasa da zaƙi-banza da ke cika bakin kowane ruwa babu su, 'yan da suka fito ganyensu ya ƙone daga baki. Ya bi har ya kai wata ƙatuwar gonar masara da wani ɗan kasuwa na birni ya karɓa haya, jan yashi ne daga farko har ƙarshe, irin wanda katafila ta bari. Ma'aikatan gonar ba su ɓoye masa komai ba. Sun ce maganin ba ya daɗewa a gonar, da an yi ruwa biyu ciyawa ta dawo, shi ya sa maigida ya ce a riƙa ninka awo. Maiwada ya gane sauran. Yashi ya ƙi riƙe magani, ruwa ya kwashe shi zuwa magudana, lakar ƙasan magudana ta kama shi ta ajiye, mutanen Dakko kuma suka ɗauko ta da hannunsu suka shimfiɗa wa irinsu, suna ba ta ruwa safe da yamma tana saki.

Da ya koma, a zauren gida ya sami Sallau, ya faɗa masa haka daga tsaye.

"Guba cikin laka?" in ji Sallau. "Kwaɗi na ciki suna kuka. Tsutsa na ciki."

"Ba na kwaɗi ba ne, Baba. Na ganye ne."

"Masarar ba ganye gare ta ba? Mi ya hana ta mutu?"

"Masara na iya narkar da shi a jikinta. Albasa ba ta iyawa."

"Tun ina bin ubana da ƙwarya nike ƙara laka. Kai ko haihuwarka ba a yi ba."

"Gaskiya ne. Amma waccan gulbi ka kawo ta. Wagga ba a san ta ba."

Ya roƙi a ba shi iri kaɗan ya gwada a gaban kowa, a kuma jinkirta shuka. Sallau ya ce lokaci ba na gwamnati ba ne balle a jinkirta shi: in sanyi ya yi nisa ba a yi dashe ba, ko iri ya tsiro aikin banza ne. Wannan ma gaskiya ce, Maiwada ya sani. Jinkirin da yake roƙo shi kansa na iya kashe irin. Ana cikin haka sai muryar Shatu, matar Sallau, ta fito daga bayan ƙofar cikin gida.

"Maigida, ba shi abin da yatsu ka ɗauka mana. Rabin gora ka ba laka ta cinye, ban ji ka yi mata faɗa ba."

Umaru ya ce ya duƙar da kai don kada ubansa ya ga dariyarsa. Sallau ya juya ga Maiwada. Sannan ya ce, "Na ba ka zuwa tsayuwar wata. In wata ya tsaya, ni da lakata."

Maiwada ya san ba zai raba tsohon da baƙar ƙasa ba sai da wata baƙar ƙasar. Wadda ya tabbata magani bai taɓa ba kuwa wuri ɗaya ya san take, a karar shanu ta Talata Mafara, inda dabbobi suka shekara da shekaru suna tsayuwa. Ranar kasuwa ya je ya sami Gajere, dillalin shanu, abokinsa tun suna yara.

"A'a! Malamin ciyawa! Yau gwamnati sa za ta saya?"

"Ƙasa nika so, Gajere."

"Ƙasa? Duk wadda kunka kwashe ba ta ishe ku ba, sai ta ƙarƙashin shanu?"

"Waccan ta gindin katanga, tsohuwar, wadda ta huce."

"Jama'a, ku taho ku gani! Mutum ya tahi boko ya dawo roƙon kashin shanu!"

Mahauta da dillalai suka yi ta dariya, Maiwada na tsaye yana jira su gama. Da ya ba Gajere labarin gorar, dariyar ta tsaya. Mahauta sun san albasar Dakko, ita ake yanka wa tsire a garin tun suna yara, kuma sun lura ta ɓace daga kasuwa. Gajere ya ba shi ƙasar, ya kuma ara masa jakuna. "In ta yi, ka ce wa tsohon mahauta na gaishe shi," in ji shi. "In ba ta yi ba, ban san ka ba."

A ƙofar gidan Sallau, inda duk mai wucewa masallaci zai gani, Maiwada ya jera kasake uku. Ɗaya lakar magudana, ɗaya ƙasar kara da aka gauraya da yashin gulbi, ɗaya yashi zalla. Sallau da kansa ya yafa irin, Umaru ke ba su ruwa daga tulu ɗaya, don kada a ce hannu ne ko ruwa. Na yashi bai je ko'ina ba, akuya ta ture shi tun kafin ya tsiro. Saura biyu.

Na laka ya riga fitowa, kuma ya fi kyau. Maiwada ya riga ya faɗa cewa haka za a yi: tsiro da guzurinsa yake fitowa daga cikin ƙwaya, sai ganye ya fara aiki da rana sannan maganin ke kama shi. Amma magana daban, abin da ido ke gani daban. Masu dawowa daga masallaci suka riƙa tsayawa.

"Malam, ga gubarka ta yi kore."

"A ƙaro muna irin wagga guba, Malam."

Kullum yana zuwa daga Morai, ya duba kasake, ya sha ba'a, ya koma. A lambu kuwa Sallau ya sa Umaru ya gama shimfiɗa komi da laka zalla, ya lallaɓe shi, yana jiran wata. Umaru ya ce a kwanakin nan ya ga Maiwada ya rame. Ba don ba'ar ba. Ya taɓa ce masa a bakin rijiya, "In na yi kuskure, na ci wa babanka lokaci a banza. In ban yi ba kuma abin ya ƙi nunawa kafin wata, duk ɗaya ne."

Wata ya tsaya. Da safe Maiwada ya iske Sallau tsugune a gaban kasake da gorar a gefensa. Na kara ya kamo, kore shar. Na laka kuwa bakin ganyensa ya ɗan yi rawaya, kaɗan, abin da sai an duƙa za a gani.

"Yunwa ce," in ji Sallau.

Maiwada bai musa masa ba. Da ya yi gardama, da tsohon ya ɗauki gorarsa ya nufi lambu.

"In yunwa ce, Baba, kai ka san maganinta. Ƙara mishi laka."

Sallau ya dube shi yana neman inda ba'ar take, bai samu ba. Ya aiki Umaru ya ɗebo laka daga komi, ya barbaɗa ta da hannunsa a gindin tsiron yadda ubansa ya koya masa, ya yayyafa ruwa. Sannan ya yi abin da ba wanda ya sa shi. Ya ɗebi ragowar lakar ya zuba a gefe ɗaya na kaskon kara, ya bar ɗaya gefen, ya ja layi da ɗan kara a tsakani. Ya ɗauki gorarsa ya shiga gida da ita. Bai ce ya ƙara wa'adi ba, ba wanda kuma ya tambaye shi.

Kafin mako ya zagayo na laka ya kwanta gaba ɗaya. Kaskon kara ya ɗauki kwanaki fiye da haka, amma da ya nuna, ya nuna a fili: gefen da Sallau ya ciyar ya ƙone daga baki, ɗaya gefen yana tsaye. Masu wucewa masallaci suka daina ba'a. Wasunsu sun tuna cewa da hannunsu suka yi wa nasu komayen haka shekara biyu.

Sallau ya daɗe yana kallon kaskon. Sannan ya ce, ba da kowa yake ba, "Ashe ni nika kashe shi."

"Ba kai ba ne, Baba," in ji Maiwada. "Abin da ka sani daidai ne. Lakar ce anka sauya maka."

Ran nan Umaru ya kwashe lakar komin kakaf. Maiwada ya hana a mayar da ita ruwa, ya sa aka baje ta siriri a wani fako inda ba a shuka komai, rana da iska su ci ta. Aka shimfiɗa ƙasar kara, Sallau ya yafa ragowar gorar har ƙwayar ƙarshe, ya kife ta. An makara ƙwarai. Dashen bai shiga ƙasa ba sai da na sauran garuruwa ya yi lawashi, zafi kuma ya riske shi kafin ya gama ƙosawa. Albasar ta fito ƙanana, ba ta kasuwa ba. Amma an sami uwaye.

Umaru ya ce mahaifinsa bai taɓa furta kalmar godiya ga Maiwada ba. Abin da ya yi shi ne, ranar da aka cire albasar, ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya ce, "Malam Maiwada, zauna. Ya Morai? Ya jikin Malami?" Ya rayu har ya karkaɗe iri daga waɗannan uwayen da hannunsa. Da damina ta zagayo Allah ya yi masa rasuwa. Fadamar da ya yi ta jira ba ta dawo ba.

Kada mai karatu ya ɗauka an ci nasara. Ɗan kasuwar bai rage awo ba. Abin da Maiwada ya samu daga ma'aikatansa kawai shi ne su daina sakin ruwa mai yawa da zarar sun yi feshi, su kuma bar ciyawa a bakin gona ta tare abin da za ta iya tarewa. Da gonar ta gaji, mutumin ya tattara ya koma birni. Yau maganin da a da sai manyan manoma ke saye yana kowace kasuwa, ana ɗura shi a kwalaben lemo babu suna babu awo. Samari na feshi ba takalmi, su wanke famfo a ruwan da na ƙasa zai ba kuɓewarsa. A Damaga, wani makiyayi mai suna Nagode ya shaida mini cewa sai da Maiwada ya yi ta zarya kafin a daina haɗa magani a bakin rijiyar da ke cikin yashi, kuma da ya yi wata biyu bai leƙa ba aka koma.

Duk da haka, Malam Maiwada, kai ne wanda aka yi wa gori da gonar ubansa, ya naɗe wando ya bi magudana. Kai ne ka tsaya a tsakiyar kara mahauta na dariya, ba don gonarka ba. Ba ka ce wa tsoho iliminsa ƙarya ne ba, ka bar shi ya gwada shi da hannunsa har ya gani. Na Morai, mai bin sawun abin da ba a gani: ba ka hana a datse gulbi ba, ba ka hana a yi feshi ba, kuma ba ka taɓa cewa za ka iya ba. Rabin gora ka tsare, a lokacin da babu wanda ya roƙe ka.

Irin yana nan. Gidajen da ke nomansa a Dakko ba su da yawa, don masu saye yanzu sun fi son babbar albasa ko da za ta ruɓe kafin damina. Umaru ya tsufa, 'ya'yansa maza suna kudu wajen ci-rani, amma bana ma ya karkaɗe iri, kuma duk ƙarshen damina yakan aika jakuna Talata Mafara a ɗebo ƙasar kara.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya jiƙan Malami da Sallau. Ga matasan da suka karanta aikin gona suke zaune a ofis suna jiran a turo mota, wannan aikin da keke aka yi shi, wani wurin da ƙafa. Ga manoma kuma, kafin ku buɗe kwalba, ku san irin ƙasar da kuke tsaye a kanta da wanda ke shan ruwa a bayanku.

Na tambaya a Bakura ko an turo wanda zai gaje shi. Ba a turo ba. Waɗanda suka ga kaskon Sallau da idonsu sun kusa ƙarewa, gonakin da ke sama kuma an yi musu feshi bana fiye da kowace shekara. Ruwa ya kusa ɗaukewa. Nan da 'yan makonni wani saurayi zai tashi yin komi a karon farko, ya nemi baƙar ƙasa mai kyau kusa da gari, ya kora jakinsa ya nufi magudana.